Toka da Soson Ƙarfe

Tukwanen Inna Hajo sun riga motar yin ƙyalli. Tun da sassafe ta jera su a gindin katanga, manya da ƙanana, kowace a kife tana mayar wa rana haskenta, har sai mutum ya ƙanƙance ido kafin ya iya dubansu. Can gefe kuwa, a tsakar gidan, ga Fijo shuɗiya ta yi tsaye shiru kamar baƙuwar da ta sha doguwar tafiya aka manta ba a kai mata ruwan wanka ba. Shuɗin nata ya koɗe, fitilunta sun dusashe, cikinta kuma yana warin rayuwar wasu mutane: taba, da tsohon turare, da wani abu mai kama da busasshen kifi.

Muhyiddeen ya zagaya ta yana shafa ta da tafin hannu. A idonsa babu abin da ya kai ta kyau a duk Kambarawa, kai, har ma a Katsina baki ɗaya. Bai taɓa mallakar mota ba, bai kuma taɓa wanke ta wani ba. Malamin adabi ne a makarantar sakandare. Abin da ya sani shi ne alli da littafi da tsohon babur ɗinsa, wanda ya sayar ya haɗa da ɗan abin da ya tara, ya karɓo wannan daga hannun wani dillali shekaranjiya. Tuƙin ma a motar wani abokinsa ya koya, a fili, inda babu abin da za a buge sai tumaki.

Yau matarsa Zulaihat za ta dawo. Ta gama wankan jego a gidan iyayenta da ke Ƙofar Sauri, ta yi arba'in, bayan la'asar za ta komo ɗakinta da ɗansu na fari. Tun da ya san ta, ba ta taɓa yin wata tafiya mai muhimmanci ba sai a motar mahaifinta, Alhaji Babaji, babban ɗan kasuwa. A ciki aka kawo ta tana amarya, a ciki aka riƙa kai ta awo, a ciki aka kai ta asibiti ranar haihuwa, shi kuwa yana biye a baya a kan babur yana shaƙar hayaƙinsu. Kullum kuma mai riƙe da sitiyarin shi ne ƙanenta Almu, wanda Allah ya hore wa baki.

"Malam, kada ka wahalar da kanka," in ji Almu ranar da aka tsayar da maganar dawowar. "Ni zan kawo maka su har gida. Kai dai ka share ƙofa."

"Ni zan zo in ɗauki iyalina."

"A kan babur ɗin? Jaririn a tankin mai za ka ɗaure shi?"

"A motata."

Almu ya yi dariya har ya dafa bango. "To, shi ke nan. In ta yi kama da mota, na bar maka su. In kuwa akwala ce, kai ma ka san Alhaji ba zai bari a sa masa jika a ciki ba."

Wannan maganar ce ta tashe shi yau tun kafin kiran assalatu.

Ya rataya ƙaramar rediyo a ƙusar bango. Daga Abuja ake magana, ana ta kaɗa badujala, masu sharhi suna faɗin cewa yau sojoji za su miƙa mulki ga farar hula, yau ƙasa za ta buɗe sabon shafi. Muhyiddeen ya ji daɗin hakan har cikin ransa, ya ga kamar da shi ake. Ya naɗe hannun riga ya fara da ciki.

Ya fitar da shimfiɗun ƙafa ya kakkaɓe su a jikin katanga. Ya durƙusa ya zura hannu ƙarƙashin kujeru, ya riƙa zaro tarihin motar ɗaya bayan ɗaya: ɓarin goro da ya bushe ya zama dutse, ƙwayar carbi, wani ɗan kunne na yarinya da ya rasa ɗan'uwansa, da ƙullin gyaɗa wanda ya daɗe da mantawa da ranar da aka soya shi. Ya ɗan tsaya yana juya ɗan kunnen a tafinsa, yana tunanin yarinyar da ta yi kukan ɓatansa, ko yanzu tana ina. Sannan ya ɗauko tsohon buroshin haƙori ya bi duk wani lungu da saƙo na gaban motar, ramukan iska da gindin maɓallai, yana fito da baƙin datti yana jin wani irin farin ciki da bai taɓa samu a aji ba. Kujerun ya goge su da ɗanyen tsumma, ya buɗe ƙofofin duka don su sha iska. Tayoyin kuwa, da ya rasa abin da ake sa musu, sai ya ɗauko baƙin man goge takalmansa na zuwa aiki ya bi su da shi.

Duk wannan abin Inna Hajo tana bakin madafi a kan kujerarta 'yar tsugunno, ba ta ko dubi inda yake ba.

Ita ce ta haife shi, kuma shi ne ɗanta na fari. Saboda haka, kamar yadda ta taso ta ga ana yi a gidansu na Gobarau, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yi masa magana ido da ido ba. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, ya girma yana ganin Inna tana wasa da ƙannensa, tana goya su, tana zaginsu da sunayensu, shi kuwa in ya shigo sai ta gyara lulluɓi ta kama wani aiki. Ya san kunya ce, ba ƙi ba. Kowa ya faɗa masa haka, shi ma ya faɗa wa kansa. Amma sani daban, abin da yaro yake ji in ya ga an shafa kan ƙanensa daban. Jiya ta zo don ta gyara gidan kafin mai jego ta dawo, ta tarar da tukwanen da zaman gwauronsa ya mayar baƙi ƙirin. Ba ta ce masa komai ba. Da tukwanen ta yi faɗa, ta ɗebo toka da ɗan yashi da soson ƙarfe ta hau su.

In tana da saƙo gare shi, wani abu take samu ta faɗa wa. Yanzu ma kazar maƙwabta ce ta shigo, sai ta dube ta ta ce, "A hwaɗa wa mai motar, fura tana nan a rufe. Aiki ba ya hana cin abinci."

"Na gode, Inna. Bari in gama wannan gefen."

Ya kaɗa omo a bokiti ya wanke jikin motar, ya ɗauraye, ruwan ya bi rariya jawur. Da ta bushe sai ta fito fes, amma babu ƙyalli, shuɗin yana nan a mace. Bai damu ba, don ya tanadi maganin wannan. Ya shiga ɗaki ya fito da wani gwangwani da ya saya a kasuwa, man goge mota, mai hoton wata jar mota tana walƙiya a murfinsa. Ta Maraɗi aka shigo da shi, duk bayanin da ke jikinsa da Faransanci ne. Mai shagon dai ya ce masa, "Shafawa za ka yi, ka goge. Shi ke nan."

Ya buɗe, ya shinshina. Yana da laushi kamar man kaɗanya. Shi kuma abin da ya sani game da man kaɗanya shi ne, in ƙafa ta yi kaushi, labta mata ake yi a bar ta ta sha. Wannan motar kuwa ta yi shekaru tana jin ƙishi. Ya cika hannu ya fara daga murfin inji, ya hau rufi, ya sauko ƙofofi, ya zagaya but, bai bar ko tafin hannu ba. Rana ta take tsaka, irin ranar ƙarshen bazara da take sa ƙarfe ya ƙona yatsa, hadari yana ta alkawari daga gabas bai cika ba. Da ya gama ya koma inuwa ya zauna da kwanon furarsa, yana kallon aikinsa yana murmushi. A rediyo aka harba bindigogin girmamawa, mutane suka ɗauki sowa. Ya lumshe ido ya ga Zulaihat ta fito daga zauren gidansu da yaro a kafaɗa, ta ga fuskarta a jikin motar, ta ɗago ta dube shi irin duban da ta yi masa ranar da ya fara karanta mata wasiƙarsa da bakinsa saboda ya kasa jiran ta karanta da kanta.

Da ya buɗe ido, motar ta zama fara.

Ya miƙe da tsumma ya goga. Babu abin da ya motsa. Ya ƙara ƙarfi, ya sa hannu biyu, ya danna har kafaɗarsa ta amsa. Man ya bushe ya ƙame a jikin ƙarfen mai zafi, ya zama kamar farar ƙasar da ake shafa wa bango, da sawun yatsunsa a ciki layi-layi. Inda ya samu ya ɗan kankare da farce, sai ya bar zane. Ya ja da baya ya dube ta. Ko da aka kawo ta daga wurin dillali ba ta kai haka muni ba. Gumi ya riƙa bin bayansa, ya ji dariyar Almu a kunnensa tamkar yana tsaye a tsakar gidan.

Aka kira azahar. Ya yi alwala da hannuwa masu santsi, ya zura riga ya fita, yana fatan ya haɗu da Malam Yahaya maƙwabcinsa a masallaci, tun da shi ya daɗe da mota. Aka idar da salla bai gan shi ba. Aka ce ai tun safe ya tafi kallon rantsar da sabon gwamna. Muhyiddeen ya daɗe a zaune bayan an watse, yana addu'ar da shi kansa yake jin nauyin ya yi ta a kan mota, sannan ya taso jiki a sanyaye.

Tun daga ƙofar gida ya ji ƙarar. Ƙurus, ƙurus, ƙurus. Sauti ne da ya sani tun yana yaro, sautin safiyar gidansu na Gobarau. Amma tukwanen duk an gama su. Ya tura ƙyauren a hankali.

Inna tana durƙushe a gindin ƙofar baya ta dama, ta ɗaure zani tamau, ga kwanon toka da yashi a gefenta, ga soson ƙarfe a hannunta. A tsakiyar ƙofar, wuri mai faɗin faifai, babu farin man, babu shuɗin fenti, babu ma fenti mai ruwan toka da ke ƙarƙashinsa. Ƙarfe ne tsirara, fari tas, yana ɗaukar ido kamar gindin tukwanenta.

Ya tsaya cak a bakin ƙofa. Magana ta taso masa tun daga ciki, mai zafi, ta zo har bakinsa. Ya ga la'asar, ya ga Ƙofar Sauri, ya ga Zulaihat tana shiga motar Alhaji kanta a sunkuye, shi kuma ko babur ɗin da zai bi su a baya ba shi da shi yanzu.

Inna ta ji shigowarsa. Hannunta ya tsaya, amma ba ta juyo ba. Ta dubi bokitin da ke gabanta.

"A hwaɗa wa mai motar," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "na ga abin ya ƙi fita, shi kuma ya tahi ransa a ɓace. Na ce bari in kama mashi ta nan, tun da ta nan yaron zai shiga." Ta share gumi da bayan hannu. "Farin ya fita. Sai shuɗin ya biyo shi. Na ga ƙasan ya yi toka-toka kamar datti, na ce to bari in kai ga mai kyau." Ta juya soson a hannunta. "Ashe fentin nasu ba shi da ƙwari."

A duk rayuwarsa bai taɓa jin muryar Inna tana rawa ba. Ita ce matar da ba ta tambayar kowa yadda ake komai. Yanzu ga ta a durƙushe cikin rana, ta gane ta yi ɓarna, tana jiran hukunci daga ɗan da ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ya dubi hannuwanta. Toka ta yi musu fari har gwiwar hannu, soson ya yanke ta a gefen babban yatsa, jini ya ɗan tsattsafo ya haɗu da tokar. Tun fitarsa take wannan aikin. Ta ga ransa ya ɓaci. Ashe tana kallonsa duk tsawon safiyar, ashe ta daɗe tana kallonsa.

Zafin maganar ya narke a bakinsa. Ya tako ya durƙusa, ba kusa sosai ba, daidai inda ba za ta takura ba. Shi ma ya dubi bokitin.

"A faɗa wa Inna," ya ce, "duk motar nan babu inda ya fita kamar nan."

Kafaɗunta suka ɗan sauka. Ta ja tsaki mara ƙarfi. "Ji shi da daɗin baki, kamar mai sunan yaron." Marigayi mahaifinsa take nufi, wanda aka sa wa jaririn sunansa.

Ta ɗebi ruwa ta watsa wa ƙofar don ta ɗauraye tokar, ta miƙe tana dafa bayan motar. Zuwa lokacin inuwar katanga ta miƙo ta rufe but ɗin da rabin wannan gefen, ƙarfen ya huce. Da gefen zaninta mai laima ya gogi jikin motar, sai Muhyiddeen ya ga wani abu. Inda zanin ya bi, farin ya tafi, ya bar wani shuɗi mai zurfi, mai sheƙi, irin wanda bai san motar tana da shi ba.

Ya taɓa wurin. Ya ɗauko tsummansa ya jiƙa ya matse, ya goga kusa da shi a hankali, yana zagayawa. Ya ɗan fita, amma tsumman buhu ne, yana da kaushi. Inna ta kalli tsumman ta gefen ido, ta shige ɗaki. Ya ji ƙarar yaga. Ta fito da wani tsohon zaninta na atamfa wanda wanki ya mayar da shi laushi kamar auduga, ta raba shi biyu. Rabi ta ajiye a kan but, ba ta miƙa masa ba. Rabi ta riƙe.

Ya saki birkin hannu ya tura motar gaba ɗaya cikin inuwa. Suka kama aiki, shi a wannan gefe ita a wancan, motar tana tsakaninsu. A jiƙa, a matse, a goga wuri kaɗan, a juya busasshen gefe a bi. Ba mai magana. A rediyo wani yana ta jawabi a kan haƙuri da gyaran abin da ya lalace, ba mai sauraronsa. Sai ƙarar zani a kan ƙarfe, da numfashinsu, da kukan kurciya a kan darbejiyar maƙwabta. Wani lokaci in ya ɗago, sai ya hango fuskarta ta cikin gilasan motar biyu, ta dage tana cije leɓe, ya gane ashe daga wurinta ya gaji wannan cizon leɓen. Da suka haɗu a murfin inji, hannunsa ya kusa taɓa nata. Ba ta janye da sauri ba.

Kafin la'asar Fijo ta fito. Shuɗinta ya dawo da rai, katanga da sararin sama da jerin tukwane duk sun bayyana a jikinta. Ƙofar baya ta dama ce kaɗai take ɗauke da farin faifanta. Muhyiddeen ya lakato ɗan abin da ya rage a gindin gwangwanin, kaɗan wannan karon, ya shafa wa ƙarfen don kada ruwan sama ya sa shi tsatsa, ya goge nan take. Inna kuma ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turaren wutar da ta zo da shi don ɗakin mai jego, ta ajiye a ƙasan motar ta rufe ƙofofi, har hayaƙin ya kori kifin da tabar da duk mutanen da suka riga su.

Ya yi wanka, ya sa farar shaddarsa, ya yi salla, ya fita da motar a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Gari ya cika da mutane masu dawowa daga taro, 'yan babur suna ta hon, yara suna kaɗa tutocin takarda. Da ya kusa Ƙofar Sauri sai wata dabara ta zo masa. Gidan Alhaji yana hannun dama. In ya zagaya ta bayan layi ya ɓullo ta ɗaya ɓangaren, gefen hagu ne zai fuskanci zauren, mai lafiya, ba wanda zai ga ƙofar sai an tafi. Ya rage gudu a mararrabar, har ya kunna sigina. Sai ya tuna yankan da ke gefen babban yatsan nan. Ya kashe siginar ya miƙe.

Almu yana tsaye a ƙofar gida, ya riga ya fito da motar Alhaji ya buɗe ƙofofinta. Ya bi Fijon da kallo har ta tsaya. Ya zagaya ta gaba yana gyaɗa kai, da alama maganar da ya tanada ta rasa wurin sauka. Sai ya iso ƙofar baya.

"Malam, wannan fa? Mota ka saya ko tire na kai wa baƙi shayi?"

"Ina wuni, Almu."

"Lafiya lau. A'a, tsaya mana. Soja sun tafi kowa ya yi mota, har da mai madubi a ƙofa." Ya sunkuya ya gyara hularsa a ciki. "Wallahi har na ga haƙorana."

Alhaji Babaji ya fito daga zaure yana jan carbi. Muhyiddeen ya tuɓe takalma ya durƙusa. Aka gaisa, aka tambayi gida da aiki da zafi, aka tambayi Inna da mutanen Gobarau, aka yi wa ƙasa addu'ar Allah ya sa sabbin shugabanni su ji tausayin talaka. Sannan Alhaji ya taka zuwa motar. Ya danna taya da ƙafa, ya dubi baƙin da ya shafar masa takalmi. Ya leƙa ciki, ya shaƙi turaren, ya danna kujera da tafin hannu ya ji ko a bushe take.

"Birki yana kamawa?"

"Yana kamawa, Alhaji."

Ya iso ƙofar. Ya daɗe yana dubanta, ya shafa gefen faifan da yatsa, inda shuɗi ya koma toka, toka ta koma fari.

"Haka ka saye ta?"

Da ya ce e, da maganar ta ƙare a kan dillali. Muhyiddeen ya dubi ƙasa. "A'a, Alhaji. Ni na ɓata ta da mai. Inna ce ta taya ni gyarawa."

Almu ya buɗe baki, Alhaji ya ɗaga masa hannu.

Daidai nan mata suka fara fitowa da kayan gara, kwanuka da buhuna da tulin dubulan a cikin faranti. A tsakiyarsu ga Zulaihat, ta yi haske ta yi ƙiba irin ta masu jego, lalle ja a hannuwanta, yaron a naɗe cikin farin tawul a ƙirjinta. Zuciyar Muhyiddeen ta buga kamar ranar farko. A gaban mahaifinta ba za ta dube shi ba, balle ta yi masa magana. Motoci biyu ne a gabanta, ɗaya ƙofarta a buɗe tana jira. Ta dubi Fijon tun daga fitila har but, idonta ya sauka a kan farin faifan. Ta tsaya. Ita da ta yi zaman amarci tana karɓar tukwanenta daga hannun Inna Hajo, ba ta bukatar a faɗa mata. Gefen bakinta ya motsa.

Ta tako a hankali, ta wuce motar Alhaji, ta tsaya a gaban ƙofar. Ta ɗan sunkuya ta gyara mayafinta a cikin ƙarfen, sannan ta miƙe tana jira a buɗe mata.

Alhaji ya mayar da carbinsa aljihu. "Almu, kwashi kayan nan da gwaggonninka ka bi su a baya." Ya juya zai shiga zaure, ya ce wa Muhyiddeen, "Ka gaida Hajo. Ka ce mata na ga aiki."

Sai da suka fita daga layin, suka hau titi, sannan Zulaihat ta yi magana daga baya.

"Toka ce ko?"

"Da yashi. Da soson ƙarfe."

Ta fara dariya, tana toshe baki da mayafi don kada yaron ya farka, har hawaye suka zubo mata. Shi ma ya kama, motar tana ɗan karkacewa. A madubi ya hango motar Alhaji tana biye da su, Almu yana shaƙar hayaƙinsa.

"Ka yi mata faɗa?"

"Ni? A'a."

"Ta yi maka magana?"

"Da bokiti ta yi." Ya gyara riƙon sitiyarin. "Amma ta yaga zaninta, ta ba ni rabi."

Zulaihat ta daina dariya. Ta miƙo hannu ta tsakanin kujeru ta dafa kafaɗarsa, ta bar shi a nan har suka shiga Kambarawa.

Inna tana tsakar gida ta canza zani, ta ɗaure yatsanta da ƙyalle. Tun kafin motar ta gama tsayawa ta buɗe ƙofar da ta goge, ta karɓi yaron. An sa masa Ahmadu, sunan marigayi mijinta, don haka shi ma ba za ta kira sunansa ba. Amma jika ne, da shi babu kunya. Ta ɗaga shi sama, ta sumbace shi, ta yi masa kirari, ta ce ya rame, ta ce mutanen Ƙofar Sauri ba su iya kiwon miji ba. Mata suka cika gidan da guɗa da gaishe-gaishe. Daga gabas iska ta taso mai ƙanshin ruwa.

Muhyiddeen yana sauke kaya daga but ya ji ta ta dawo kusa da motar, yaron a kafaɗarta. Ta juya shi ya fuskanci ƙofar, inda fuskokinsu biyu suka fito dishi-dishi a cikin ƙarfen.

"Maigidana, ka ga motar babanka?" ta ce. "Shi ya gyara ta da hannunshi, tun asuba bai zauna ba. Yaron kirki ne, ka ji? Tun yana kamar kai." Ta gyara masa tawul. "Ƙofa guda ce dai ta fita sosai. Sauran ukun sai Allah ya kai mu gobe."

Muhyiddeen ya tsaya da buhun shinkafa a hannu, idonsa ya cika. Ya ajiye buhun, ya taka a hankali zuwa gindin katanga inda kwanon toka yake, ya ɗauki soson ƙarfen ya zura a aljihun farar shaddarsa.